Yadda za ka fitar da littafin tsoro irin mai taɓa ƙwaƙwalwa, da yadda za ka ji da masu sharhi in ya fito

Ranar da Gwaggo ta gama sauraron littafina (ba ta karatun boko, ƙanwata ce take karanta mata babi biyu biyu bayan isha'i) sai ta aiko a kira ni har cikin gari, na zata ma wani abu ne ya faru, ina shiga ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai ɗan nan, wai yarinyar nan aljanu ne suka shafe ta ko kuwa kanta ne ya taɓu?" Na ce Gwaggo ke me kika gani? Ta ce ita fa ba ta son shaƙiyanci, tunda ni na rubuta ai amsa tana bakina. Na ce amsar na bar wa mai karatu. Ta ja tsaki ta ce, "To ashe ba ka gama littafin ba kenan."

In dai irin wannan littafin kake shirin fitarwa, to tambayar nan za ta bi ka tun daga kan mai taifin har zuwa ɗalibin da zai zo yin furojet a kanka. Labarin tsoro kala biyu ne a wajena. Akwai na fatalwa da maye da aljani mai kofato, kowa ya san daga ina bala'in yake zuwa, a ƙarshe malam ya zo ya yi ruƙiyya a ƙone shi kowa ya huta, wannan yana da kasuwa sosai kuma ban raina shi ba. Sai ɗayan wanda tsoron a cikin kan mutum yake, mai karatu yana bin tauraruwa yana kallon duniya da idonta, a hankali sai ya fara zargin idon nata. Nawa labarin wata mai jego ce da aka kawo wankan gida wani tsohon gidan ƙasa mai soraye a cikin birni, kullum tsakar dare tana jin ana daka a tsakar gida alhali turmin a kife yake, kwana tara da haihuwa ta fara rantsuwa cewa jaririn da ke gefenta ba nata ba ne. Shi ke nan fa. Ba aljani ko ɗaya da ya fito fili ya yi magana. Jarin littafin gaba ɗaya shakkar nan ce, kuma duk wanda zai taɓa shi a hanyar bugu sai ya so ya warware maka ita don taimako. Aikinka ka kai shi kasuwa shakkar tana nan da ranta.

Kafin ma ka yi maganar maɗaba'a ka koma ka duba ko ka yi wa ɓangarorin biyu adalci. Ka nemi likita ko nas mai aiki a ɓangaren masu taɓin hankali ya karanta maka, muna da asibitin koyarwa a Shika nan Zariya, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, in ka tambaya cikin 'yan uwa da abokan makaranta ba za ka rasa wanda ya san wani ba. Ma'aikaci nake nufi a lokacin hutunsa, kar ka kuskura ka je kana yi wa marasa lafiya tambayoyi, ba 'yan kallo ba ne. Irin ciwon da na ɗora wa tauraruwata likitoci sun san shi, yana kama mace 1 ko 2 cikin 1,000 bayan haihuwa, galibi cikin sati biyun farko, da rashin barci yake farawa da ruɗewa, kuma ana warkewa in an kai asibiti da wuri. A rubutuna na farko sai bayan arba'in abin ya same ta, nas ɗin da ta duba min ta ce Malam ka matso da shi, na matso. Haka dannau, wanda kowa a garin nan yana da labarinsa, a wajen likita ƙwaƙwalwa ce ta farka jiki bai gama sakewa daga barcin mafarki ba, daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna, to in ka sa ya danne mutum awa uku wanda ya sani zai yi dariya a inda kake so ya firgita. Daga nan ka zauna da malamin da yake ruƙiyya ka ji alamomin da su suke dubawa da ayoyin da ake karantawa don kar ka yi kwaɓa, sannan ka nemi tsohuwa irin ungozomar nan da ta san dokokin jego, ruwan zafi da ganye, kunun kanwa, abin da ake ajiyewa a kan jariri, lokacin da ba a barin mai jego ita kaɗai. Ni daga bakin tsohuwa na fi samun abin tsoro wallahi, don ita ba ta ɗauke shi abin tsoro ba, faɗa kawai take yi tana ɓare gyaɗa.

Dabarar da ta yi min amfani: ka ɗau takarda ka raba ta biyu, duk wani abin mamaki da ya faru a littafin ka rubuta yadda mai cewa iska ce zai fassara shi a hagu, yadda mai cewa ciwo ne zai fassara shi a dama. Duk wanda ka ga gefe ɗaya ya zauna fayau, wannan wurin ya riga ya ba da amsa, ko ka gyara ko ka cire.

Sai masu karatun gwaji. Mutum huɗu ko biyar sun isa, kuma banda aminanka, su "Allah ya ƙara basira" kawai za su ce. Ka roƙe su su karanta da dare, kar ka tambaye su ya yi daɗi, ka tambaye su a wane shafi suka ajiye, a ina suka fara tsallake layi, a ina suka tashi suka duba sakata. A ƙarshe ka yi musu tambayar Gwaggo kowa shi kaɗai. In duk bakinsu ya zo ɗaya to ma'auninka ya karkata.

Maganar edita kuwa, mu Zazzagawa muna da namu ciwon, "motan nan", "rigan", "mata ne", a baki ba mai ji amma a takarda mai sharhi daga Kano da shi zai fara. Abin da nake yi, bakin mai ba da labari na miƙe shi zuwa daidaitacciyar Hausa, bakin taurari kuma na bar musu Zazzagancinsu, don tsohuwar Ƙofar Gayan da take magana kamar mai karanta labarai a rediyo ba wanda zai yarda da ita. Ka faɗa wa edita wannan tun farko kar ya share maka. Kuma ka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ina da layi "ta ga baƙi a bakin ƙofa", a kwafin gwaji ya fito "ta ga baki a bakin kofa", a wasu shafukan ma akwatuna ne suka fito a madadin haruffan saboda kwamfutar wajen ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Maganinsa ka kai musu aikinka a PDF bayan an gama tsara shafi, kuma duk da haka ka ce sai ka ga kwafin gwaji a takarda ka bi shi da jan biro layi layi. Wani abu kuma, kusan kowane edita zai ce ka ƙara babi ɗaya a ƙarshe inda likita ko malam zai zauna ya yi wa dangi bayani. Da zuciya ɗaya yake faɗa. Ka yi masa godiya, kar ka ƙara.

Yanzu ina za ka fitar, waya ko takarda? Yawancin masu karatun Hausa a waya suke, a zaurukan WhatsApp da Wattpad da manhajojin sayar da littafi, a saki shafukan farko kyauta sauran a biya a shiga zauren kuɗi, kuma mata ne suka riƙe wannan kasuwar, su za ka tambaya yadda ake yi. Amma ga irin namu akwai tarko. Mai labarin soyayya zai iya rubutawa yana saki yana jin ra'ayin mutane, kai in ka yi haka ka shiga uku, don daga shafi na goma za a fara "don Allah a kai ta wajen malam mana", "marubuci ka fito mana da aljanin nan mu huta", kullum, kuma mutum ne kai, wata rana za ka ba su. Ka gama rubutu tsaf ka kulle ƙarshensa kafin ka saki ko layi ɗaya. Ka riƙa saki da dare, kuma kar ka yanka babi a tsakiyar inda tsoro yake taruwa don kawai shafin yau ya cika, irin wannan tsoron a hankali yake tsumuwa. Sannan ka ajiye kwafinka a wuri biyu ko uku, manhajar sayar da littafi ta OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Batun masu fitar da littafin kuɗi su watsa, ko su karanta a YouTube ba izini, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana bayanka, haƙƙin naka ne tun daga ranar da ka rubuta har shekara 70 bayan ranka, kuma kana iya kai bayanin aikinka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa don ka samu takardar shaida. YouTube ɗin ma suna da fom na kai ƙara.

Ni dai na ce sai na ga nawa a takarda, ɗan Zariya ne ni, abin a jini yake. A garin nan Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko, nan aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ga kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966 wanda duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya riƙe littafinsa, ga maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru. Ba laifi ka kai musu ka gwada sa'arka, amma gaskiyar magana mafi yawanmu da kuɗin aljihunmu muke bugawa. In haka za ka yi, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake samunta, lamba 13 ce, ka nema da sunanka ko sunan kamfaninka kar ka yarda firinta ya manna maka wata da ya ciro daga durowa, kuma doka ta ce ka kai musu kwafi 3 bayan an buga. Ka zaga maɗaba'a uku a Sabon Gari ko Kaduna ka ji farashi, ka ce su nuna maka littafin da suka taɓa yi, ka buɗe shi ka tanƙwara ka ga ko shafuka za su zube. Ka tambayi nauyin takarda, in ta yi sirara rubutun baya yana leƙowa. Shafukanka su tashi a ninkin 8 ko 16 don haka ake jera su a farantin bugu. Takarda daga waje ake shigo da yawancinta, farashinta dala yake bi, saboda haka kuɗin da aka faɗa maka yau ka sa a rubuta da ranar da za a ba ka kaya, kuma kar ka biya duka a gaba. Kar ka buga da yawa karon farko, ɗari biyu ko uku su ƙare ka sake ya fi dubu a ƙarƙashin gado gara tana ci. In kana so ya shiga kasuwar Kano ka tuna suna da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001 kuma littattafai suna cikin huruminta, ka tambayi marubutan can abin da ake buƙata kafin ka loda kwali a mota.

Bango. Nan ne na kusa kuka. Na yi wa yaron da ke zanen bayani dalla-dalla, na ce turmi a kife a tsakar gida da hasken farin wata, ba komai. Bayan kwana biyu ya turo min wata mata da jajayen idanu da haƙora kamar na kura, jini yana ɗiga, ga ƙoƙon kai a gefe kyauta. Na kira shi na ce ƙanina wannan fa? Ya ce, "Yaya ai shi ke sayarwa." Kuma ba ƙarya ya yi ba, zai sayar, sai dai wanda ya saya don haƙoran zai kai shafi na ɗari bai ga jini ba ya ce an cuce shi, wanda kuma aka rubuta littafin dominsa ba zai ko ɗaga shi ba. Bango mai aljani ya riga ya amsa tambayar kafin a buɗe. Haka ɗan bayanin bayan littafi, kar kalmar aljani ko hauka ta shiga, ka faɗi abin da ta ji da abin da ta gani ka tsaya.

In za ka yi ƙaddamarwa, ka zauna da mai bitar littafi kafin ranar. Nawa wani dattijo ne mai mutunci, ya karanta tsakani da Allah, ya hau mumbari ya ba da labarin tun daga suna har shafin ƙarshe, ya rufe da cewa a fahimtarsa yarinyar ciwo ne da ita kuma darasin shi ne a riƙa zuwa asibiti. Ina zaune ina murmushi cikina yana juyawa. Laifina ne, ban roƙe shi ba. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a tsaya a babi na biyar", za su ji.

To littafi ya fita. Satin farko shiru za ka ji, kar ka ɗauka mutuwa ya yi, sharhi a wajenmu sai an nema. Ka ɗau kwafi ka kai sashen Hausa na ABU a Samaru, ka kai Laburaren Kashim Ibrahim, ka ba malaman Hausa na kwalejin ilimi, ka kai zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA, ka aika wa masu shirin adabi a rediyo da masu shafin adabi a jarida. Ka ba da kyauta, ka rubuta lambarka a ciki, kar ka bi su da kira kullum.

In martani ya fara zuwa za ka ga kala-kala. Na waya su ne mafi yawa kuma mafi zafi, "ƙarshen bai yi ba", "an bar mu a duhu", "sai an yi na biyu". Waɗannan kar ka yi musu, wanda ya ji haushin ƙarshe ai ya kai ƙarshen. Malaman jami'a da ɗalibansu da nasu ma'aunin za su zo, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, taurari, kuma ɗalibi zai matsa maka ka faɗa masa jigon a kalma ɗaya don ya rubuta a babi na huɗu na furojet ɗinsa. Ka ba shi tarihinka da yadda ka yi bincike, jigo ka ce aikinsa ne, abin da ya zo jami'a koyo kenan. In wani ya kira littafinka na kasuwa kar ka tada jijiyar wuya, rigimar ta girme ka, tun shekarun 1990 su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme suka yi ta fafatawa a jaridu a kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, ga shi yau littattafan da aka yi faɗan a kansu ana digiri da su.

Masu nauyin su ne biyun nan. Wani zai ce kana ƙaryata samuwar aljanu, wani kuma a sati ɗaya zai ce kana ƙarfafa camfi kana hana mutane zuwa asibiti. Na farkon ka amsa shi sau ɗaya cikin ladabi don magana ce ta addini ba a barinta tana yawo, ka ce aljanu Alƙur'ani ya tabbatar da su har sura guda ce da sunansu, labarin bai musa ba, abin da ya nuna shi ne mutanen gidan sun kasa gane wanne ne ya sami 'yarsu, kuma wannan yana faruwa a gidajenmu. Ka tsaya nan. Kar ka shiga zauren WhatsApp ƙarfe ɗayan dare kana kare kanka, ka bari kwana uku su wuce kafin ka amsa duk abin da ya ɓata maka rai, yawanci kafin nan wani mai karatu ya riga ya amsa maka fiye da yadda za ka iya. Kuma ko an matsa maka a hira kar ka faɗi wanne ne a ranka, ranar da marubuci ya ce ai ciwo ne ko ai iska ce, daga ranar kowa da amsar zai buɗe shafin farko.

Amma fa kar shakkar ta zame maka mafaka, duk wanda ya ce bai gane ba ka ce ai da gangan ne. Akwai duhun da ka gina, akwai wanda kasawa ce kawai. Ka sayi ɗan littafin rubutu ka riƙa tara duk gyaran da aka yi maka da lambar shafi, in mutum uku da ba su san juna ba sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya to dutse ne a wurin. Wanda ya fi tsaya min a rai saƙon wata baiwar Allah ne da ba ta faɗi sunanta ba, ta ce ta yi irin ciwon nan a haihuwarta ta biyu ta warke, ta ce dakan da rashin barcin duk haka ne, amma a babi na sha ɗaya na daina kallo da idon yarinyar na koma bakin ƙofa tare da 'yan kallo, har mai ba da labari da kansa ya kira ta mahaukaciya sau biyu. Na ɗauko littafin na duba. Sau uku ne ma.

A bugu na biyu na sake rubuta babin daga cikin ɗakin, kalmar na bar ta a bakin kishiyar uwarta kaɗai don ita za ta iya faɗa, na gyara baƙin da ke bakin ƙofa, na ƙara rabin shafi a can baya bayan labari ya ƙare mai cewa duk mai jegon da ta kwana biyu ba barci tana maganganu a kai ta asibiti da gaggawa ko da ana yi mata addu'a. Firinta ya kira ya ce shafi biyu sun rage fari a faranti na ƙarshe, ko zan cike da ɗan bayanin abin da ya faru da yarinyar daga baya. Na ce ya bar su fari.